Shekarar da Na Yi Kiwon Tsutsa a Nakkasa

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, har da waɗanda Hausar tasu sai an riƙa tallafa mata da Larabci. Akwai wata magana da na gaji da jin ana ba da ita a karkace. Duk ranar da aka taru a gidan nan aka ci aka ƙoshi, sai wani ya ce ku tuna shekarar da Sitti, wato ni, ta riƙa ɗaura tsumma a jikin itace, sai a fashe da dariya. Wasunku sun ce taɓuwa na yi. Wasu kuwa da ba na gida ba sun faɗi abin da ya fi haka muni. Ban taɓa samun na ba da labarin daga tushe ba, domin ni idan na buɗe baki shayi yakan huce, mutane su fara duba waya. Yau na zauna da takarda, ita ba ta katse mutum.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Tun da kakanku Malam ya kawo ni Makka ina amarya, ya ajiye ni a wani ɗan gida a kan dutsen Nakkasa, duniyata ba ta wuce tsakar gidan nan ba. Shi yana tuƙa taksi, ya san kowane lungu daga Hindawiyya har Mina, ni kuwa na san murhuna da allurata, ina ɗinkin hula, labarin gari yana zuwa ya same ni a kan tabarma. A can na haifi 'ya'yana duka. Da aka zo rushe unguwar muka koma bene hawa na uku a Rusaifa, ban tsaya na ga katafila ta taɓa gidan ba. A cikin mota na rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka wurin ba. Shekara uku na riƙe rantsuwar, ban da Harami ran Juma'a ba inda nake zuwa.

A lokacin Binta, 'yata ta uku, tana zaune tare da mu da 'yarta Rahaf, mai shekara tara. Rahaf tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa. In ce mata ƙawata kin tashi lafiya, ta ce alhamdulillah ya Sitti, ta wuce. Ni kuma Larabcina na sayen tumatir ne, yana kai ni bakin shago ya dawo da ni. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma hirarmu ba ta wuce ta maƙwabtan da suka haɗu a matakala ba. Abin yana cina, ban dai faɗa wa kowa ba.

Wata rana da sanyin shekara, bayan an ɗan yi ruwa, ta dawo daga makaranta ta buɗe littafinta a kan darduma, sai wani ganye ya faɗo. Faffaɗa ne, kore mai toka-toka, kamar an barbaɗa masa gari. Ban san lokacin da na ajiye allura ba.

"Ke, wa ya ba ki tumfafiya? Tashi ki wanke hannu kafin ki sosa ido."

Ta tsaya tana kallona. Ni kuwa baki ya riga ya buɗe. Na gaya mata yadda take fitowa a bayan garinmu can arewa da Katsina inda ba abin da ke fitowa, yadda nononta fari yake makantar da ido, yadda muke taka 'ya'yanta masu iska su fashe, audugar ciki ta tashi mu bi ta da gudu, yadda ake rufin ɗaki da sandunanta domin gara ba ta ci. Na yi ta zuba har na manta da wa nake magana. Da na tsaya, sai na ga yarinya ba ta motsa ba. Ta kama bayani da Larabci, Binta ce ta juya mini. Ashe malamarsu, da suke kira Abla, ta shuka tumfafiya uku a ɗan lambun makaranta kusa da famfo, su ushar suke ce mata. Malam-buɗe-littafi ya zo ya yi ƙwai a ganyen, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsotsi, kullum da safe aji guda sukan fita su tsuguna suna auna su da ma'auni suna rubutawa. Na yi dariya har da hawaye. Abin da muke tumɓukewa a gona, shi ne a nan ake ba wa ruwa ana yi masa makaranta.

Daga ranar ta fara kawo mini labarinsu. Da hannu take yin rabi, ta nuna mini yau sun kai ƙwayar shinkafa, gobe sun kai gaɓar yatsa. Ni kuma in ce to madalla, a gaishe su.

Ran Alhamis ɗin da za a yi hutun tsakiyar shekara, sai ga ta ta shigo da kwalin takalmi an huda murfinsa, tana riƙe da shi kamar ƙwai. Tsutsotsin sun cinye tumfafiyar makaranta duka uku, sanduna kawai suka bari. Hutu kwana goma ne. Abla ta tambayi aji ko akwai wadda gidansu za su iya riƙe su, sai Rahaf ta ɗaga hannu ta ce kakarta ta san itacen nan tun daga saiwa har auduga. Abla ta ƙirga mata guda bakwai a gaban kowa, ta ce amana ce, bakwai za ta dawo da su. Na leƙa kwalin. Ga su nan, kowace da zane baƙi da fari da rawaya kamar saƙin zani, da wasu 'yan ƙahonni masu laushi suna kaɗawa, a kan ganye huɗu da suka rage. Ni da nake shara sau uku a rana, an kawo mini tsutsa falo. Amma yarinyar nan ta ambaci sunana a gaban aji. Na ce a ajiye su a kan kabad, nesa da turaren wuta.

Kafin sallar Juma'a ganye huɗun nan sun zama tarihi. Na ce abinci ai ba ya gagara a gidana. Na sa musu latas, suka juya kai. Na sa ganyen mulukiyya, na sa kabeji, na aika gidan Hajiya Indo, aminiyata ta hawa na ɗaya, aka tsinko mini zogalen da take shukawa a bokiti. Suka hau kansa suka sauka kamar an shimfiɗa musu tabarma. Ban taɓa ganin baƙo mai tsirfa irin wannan ba. Binta ta ce mene ne abin wahala, ga tumfafiya nan a kangon bayan gidan mai, a je a yago.

Malam yana kishingiɗe yana jan carbi. Ya tashi zaune.

"A yago a ina?"

"Nan baya, Baba. Ba ta kowa ba ce, da kanta ta fito."

"To ai shi ne. Da wani ya shuka ta, da sai mu roƙe shi. Wadda ta fito da kanta a cikin Harami, ba a yanka ta, ba a tsinke ta. Shekara arba'in ina garin nan ban karya ko tsinken sakace ba, ba zan fara don tsutsa ba."

"Wa zai gani?"

"Wanda ya tsirar da ita."

Mu duka mun san hukuncin, mantawa kawai ake yi don ba kullum ake buƙatar ciyawa a bene ba. Malam ya ce shi zai fita bayan iyakar Harami ya samo. Ya ɗauki tsohuwar motarsa da ya daina haya da ita, wadda in ta ga tudu take fara tari. Bayan awa biyu ya dawo, riga jiƙe da gumi, hannunsa riƙe da burodin tamis. Mota ta tafasa tun kafin ya hango alamar iyaka, da ƙyar ya lallaɓo ta gida. Rahaf ta kalli burodin, ta kalli kwalin.

Bayan la'asar ya dawo daga masallaci yana murmushi. Ya ce ya tambayi wani ɗalibi Bakano da ke jan su salla, yaron ya fara dariya, da ya ga da gaske ake sai ya nutsu. Ya ce yanka ne aka hana, amma malamai da yawa sun yarda a kai dabba ta yi kiwo, ta ci da bakinta. Na ce to ita tsutsa dabba ce? Malam ya ce shi ma ya tambaya, ɗalibin ya ce in dai da bakinta za ta ci, shi bai ga laifi ba. Wato tunda ganye ba zai zo wurinsu ba, su za a kai wurin ganye. Binta ta ce ta bayan gidan mai ƙarama ce, kuma motoci na wanke ta da hayaƙi. Sai Malam ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, ya ce akwai wata babba da ya sani, ta fi shi tsawo, ba mai zuwa wurin. Na ce a ina?

"A inda ɗakin girkinki yake."

Ashe duk shekarun nan, in ya ce mini ya tafi ganin abokai, wani lokacin can yake zuwa ya zauna a mota. Na ce masa Allah Ya kiyaye hanya, su je shi da jikarsa. Ya ce shi idonsa ba ya ganin abin da bai kai akuya ba, kuma bai san yadda ake taɓa itacen nan ba tare da nono ya shiga idon yarinya ba. Na ce na rantse. Ya ce ya sani, ai yana cikin motar ranar da na yi rantsuwar. Na shiga ɗaki na ɗauki hula ina ɗinki, allura tana shiga inda ba a aike ta ba. Can sai na ji motsi a bakin ƙofa. Rahaf ce da kwali a hannu, ta buɗe murfin. Tsutsotsin sun bar ƙasa sun hau bango, suna ɗaga kai suna lalube a iska.

"Sitti," ta ce. Ta tsaya tana neman kalmar. "Yunwa."

Da Hausa ta faɗa. Na ajiye hular. A ƙasan akwatina akwai tsohon gidan sauro da na zo da shi daga gida, na fito da shi na sa almakashi, na ɗinka shi kamar hannun riga mai faɗi, da zariya a baki biyu, yadda za a zura reshe a ciki a ɗaure, tsutsa ta ci ta kwana ba tare da tururuwa ko zanzaro sun same ta ba. Na sa abaya, na nemo takalmin fita, sai da na kakkaɓe masa ƙura.

Ban gane wurin ba sai da na ga dutsen da muke shanya barkono. Gidaje babu, lungu babu, sai fili da tarin duwatsu da sararin sama mai yawa. Na ɗauka zan yi kuka. Amma da na tsaya a inda murhuna yake, sai na ga ɗakin da na yi shekara talatin da wani abu ina juyawa a ciki bai fi shimfiɗar darduma biyu ba, na ce wa Malam ashe a cikin wannan akurkin ka ajiye ni. Ya ce ai ban taɓa jin kin koka ba. Muka yi dariya, abin ya wuce. Tumfafiyar kuwa ta yi ƙiba, toka da ruwan wanke-wanken shekaru sun karɓe ta. Da cokalin shayi na riƙa ɗauko su ɗaya-ɗaya ina ɗorawa a ganye, Rahaf tana ƙirgawa. A nan na ga abin da duk yarintata a gindin tumfafiya ban taɓa lura da shi ba. Tsutsar ba ta fara ci kai tsaye. Sai ta fara gatsa jijiyar ganyen, ta ja baya ta jira nonon ya tsiyaye, sannan ta koma gaba ta ci inda ya bushe. Na ce ikon Allah, wannan ta fi wasu matan iya girki.

Haka muka shiga kiwo. Da hantsi kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar, Malam ya sauke mu ya kunna rediyo ya yi barcinsa. Mu kwance zariya, mu zazzage kashinsu mai kama da masoro, mu mayar da su sabon reshe. Suna ci har kana jin ƙarar. Wata ta tuɓe fatarta kamar mai cire safa, ta juya ta cinye ta, na ce wannan ba ta san almubazzaranci ba. Wadda ta fi kowa ƙiba, mai ture 'yan'uwanta a kan ganye, Rahaf ta sa mata suna Hajiya Indo. Na ce ta rufa mini asiri. A zaune a kan dutsen barkono na nuna mata inda aka haifi uwarta, da inda uwar ta faɗa cikin baho tana rarrafe. Tana tambaya da Larabci, in amsa da Hausa, in ta rasa kalma ta ara tawa, in na rasa in ari tata. Wata rana sai na ji mun yi hira tun daga kwance zariya har ɗaurewa, ba mai juya mana.

A rana ta huɗu ne maganar tsumma ta tashi. Wani ya hango mace da baƙar abaya tana zuwa kango safe da yamma tana ɗaura farin ƙyalle a jikin tumfafiya tana magana ƙasa-ƙasa. Ku da aka haifa a nan ba ku san nauyin wannan ba, amma duk wanda ya taso a gida ya san abin da ake cewa game da mai ɗaura ƙyalle a itace. Kafin magariba labari ya zaga matan benenmu, har an san wadda nake yi wa. Washegari muna tsaka da aiki sai ga taksi ta tsaya, Hajiya Indo ta fito tana haki, carbi a hannu.

"Laure, shekara talatin muna tare. Ki ji tsoron Allah. A garin nan, da furfurarki?"

"Sannu da zuwa, Hajiya. Matso ki ga aljanun."

Ba ta so matsowa ba, sai da na ja hannunta. Na buɗe bakin zariya. Ta leƙa, ta ja da baya har ta kusa zama a ƙasa. Ta kalle ni, ta kalli yarinya, ta kalli Malam da ke minshari a mota.

"Da sihirin ne ma da na san addu'ar da zan yi miki. Wannan kuwa sai asibiti."

Rahaf ta toshe baki da mayafi, domin a daidai lokacin mai sunan Hajiya tana kan ganye tana ture wata. Daga ranar aka wanke ni daga sihiri aka mayar da ni mai taɓin hankali, kuma wannan sunan ne ya iso kunnenku.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba, domin Rahaf ba ta taɓa tona ni ba. A rana ta shida Binta ta kai ta wurin likitan haƙori, na tafi ni da Malam. Ina leƙawa sai na ga Hajiya Indo, ta gidan sauro nake nufi, tana reto daga saman ƙyallen, kai a ƙasa, ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Launinta ya dushe, ƙahonnin sun yi yaushi. Na ce shi ke nan, zare ya kama mata ƙafa, ta kwana tana wahala. Na sa yatsa biyu na cire ta, har na ji ɗan abin da ya riƙe ta ya tsinke. Na ɗora ta a ganye, ta mirgino. Na sake ɗorawa, ta sake mirginowa. Na naɗo ta a hankici na kawo gida, ina ta shirya yadda zan ce wa yarinya na cece ta.

Rahaf ta buɗe hankicin, kuncinta a kumbure da allurar likita. Ta daɗe tana kallo. Ta fara magana da Larabci da sauri, ta ga ban gane ba, sai ta tsaya ta haɗiye, ta ɗauko Hausa ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Ba ta mutu ba, Sitti. Ita ta ɗaure kanta. Haka suke yi in za su canja. Abla ta ce kar a taɓa. Kar a taɓa ko kaɗan."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini da harshena ke nan, kuma ga abin da ta ƙunsa. Bakwai aka ƙirga mata a gaban aji, ta ce kakarta ta sani, kakar kuwa ta sa hannu ta ɓata.

Na shimfiɗa auduga a faranti na kwantar da ita, na zauna a gabanta na kasa cin abinci. Wajen la'asar sai na ga bayanta ya tsage, wani abu kore shar yana mutsu-mutsu yana ture tsohuwar fatar. Kafin magariba ya lafa ya zama ɗan kwanso mai santsi kamar tandun kwalli, da ɗige-ɗigen zinariya, sai dai gefen da ya kwanta a kai ya ɗan baje. A gindinsa akwai ɗan tsinke baƙi, bai kai kan allura biyu ba. Na gane da shi ya kamata ya rataya. Washegari da safe, da ya yi tauri, na zaro zaren hula mafi laushi, na ari tabaran Malam na ɗora a kan nawa. Shekara hamsin ina ƙulla zare, ban taɓa ƙulli mai wuya irin wanda na yi wa ɗan tsinken nan ba. Na rataye shi a ƙusar kalanda. Ina juyowa na ga Rahaf a tsaye. Na ce mata na yi laifi, na ɗauka taimako nake yi, ta yafe mini. Ta tambaye ni ko zai fito. Na ce ban sani ba. Ta matso ta hura masa iska kaɗan, ya juya a kan zaren, ta ce ƙullin ya yi kyau.

Sauran shidan suka hau saman ƙyallen suka rataye kansu cikin kwana biyu, ni kuwa hannuna a bayana. Da suka yi tauri muka zare gidan sauron daga reshe a hankali, ko ganye ɗaya bai karye ba, muka rataye shi a mota. Malam ya yi tuƙi kamar ya ɗauko mai jego, ana ta yi masa oda a baya.

Ranar komawa makaranta Abla ta ce tana son ganin kakar. Malam ya tsaya a waje tunda makarantar mata ce, na shiga da kofin shayi a hannu, na bakwai yana reto a ciki a jikin tsinke. Lambun bai fi tsakar gidana na Nakkasa ba, tumfafiyar uku har sun fara sabon toho. Abla ta ƙirga, ta tsaya a kan mai zare. Rahaf ta buɗe baki, na riga ta. Da Larabcin tumatir na ce ni na cire ta, yarinya ba ta nan. Abla ta duba ƙullin ta yi murmushi, ta ce sai a jira.

Shidan suka fito cikin kwana biyu, ja-ja kamar lalle da baƙin baki da ɗigon fari, yara suna ta tsalle. Ta bakwai, wadda ta riga kowa shiga, shiru. Abla ta ce wataƙila sanyin na'urar ɗakinmu ne ya jinkirta ta, wataƙila kuma ba za ta fito ba. Ni da ba na fita, sai ga ni kullum a lambun makaranta, mai shara ta ba ni kujera. A rana ta uku kwanson ya yi baƙi, na ce ya ruɓe. Rahaf ta ce in duba da kyau, fiffike ne ake hangowa ta ciki.

A rana ta huɗu da hantsi, yara suna aji, ni kaɗai, sai ya tsage. Ta fito a jiƙe, ciki ƙato, fikafikai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, ta kama kwanson tana lilo. Ɗaya ya fara miƙewa, ɗayan ya tsaya a naɗe. Wallahi yatsuna har sun tashi, ina ganin in na ɗan ja shi kaɗan zai warware. Sai na ɗaga cinyoyina na zauna a kan hannuwana biyu, na ce wa mai shara ta yi wa Allah ta kira 'yan aji huɗu. Suka zo suka kewaye ni. Fiffiken ya riƙa sauka a hankali, a hankali, har ya miƙe, sai ɗan lanƙwasa da ya rage a bakinsa. Ta daɗe tana buɗewa tana rufewa. Sannan ta saki, ta yi ƙasa kamar za ta faɗi, ta ɗago a karkace, ta sauka a kan tumfafiya, ta sake tashi ta haye katanga.

Rahaf ta juya ta kalli Abla ta ce bakwai, da Larabci. Sannan ta sunkuyo kunnena.

"Sitti, ki tashi daga kan hannunki. Ta tafi."

Rantsuwar da na karya na biya ta. Na tuƙa tuwo da miyar kuka na mutum goma, Malam ya kai wa leburorin da ke aiki a gindin dutsen, suka aiko a tambaya ko akwai wata rantsuwar da nake shirin karyawa. Gwiwata ta dama ba ta sake komawa daidai ba tun hawan duwatsun nan. Hajiya Indo har ta koma ga Allah tana kirana Mai Tsutsa, kuma ba ta taɓa sanin da wa ta yi takwara ba. Ita kuwa Rahaf, kun dai ga yadda muke, ita ce ma take gyara mini rubutun nan, tana cewa na cika surutu.

To kun ji daga bakin mai ita. Yanzu ku faɗa mini tsakaninku da Allah, da ku aka miƙo wa kwalin nan, yarinya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonku, ganyen bayan gidan mai za ku yago, ko takalmi za ku nema?